Ranar da Kowa Ya Ɗaga Waya, Wa Za a Bari Ya Wuce?

Babu kamfanin waya a duniya, daga Amurka har Japan, da zai iya ɗaukar kiran dukkan masu layinsa a lokaci guda. Ko rabinsu ba zai iya ba. Duk shekarar da na faɗi wannan magana a aji sai na ga ɗalibai suna kallon juna, wasu ma su ɗauka zuzuta abin nake yi. Alhali kuwa a kanta aka ɗora harkar tarho tun zamanin da ma'aikata ke zaune gaban allo suna haɗa kira da hannu. An gina hanyoyin waya ne bisa zaton cewa sa'ad da wane ke magana, wane yana barci, wance tana girki, wani kuma yana gona ya bar wayarsa a gida. Zaton nan yakan yi daidai kusan kullum. Ranar da yake karyewa kuwa ita ce ranar da aka fi bukatar wayar: daren da aka ga wata, safiyar Sallah, sa'ar da gobara ta tashi a kasuwa, ko daren da ruwa ya ci gari kamar yadda ya yi wa Maiduguri a Satumbar 2024.

Idan kira ya ƙi shiga mukan ce sabis ya ɗauke, mu ɗora wa kamfani laifi, kuma sau tari laifin nasa ne. Amma akwai ranakun da ƙin karɓar kiranka shi ne aikin da ya kamaci na'ura, domin da ta karɓa, da kai da wanda ya riga ka duk kun rasa. A bayan wannan akwai tambayar da ta wuce ta injiniyoyi su kaɗai. Idan ya zama dole a hana wasu, wa za a hana, wa za a bari, kuma a hannun wa hukuncin yake?

Lissafin malamin Kopanhegan

Wanda ya fara zama ya yi wa wannan zato lissafi wani malamin makaranta ne ɗan ƙasar Denmak mai suna Agner Krarup Erlang, haifaffen 1878. A shekarar 1908 ya kama aiki da kamfanin tarho na birnin Kopanhegan, inda ya tarar da tambayar da ke hana masu kamfani barci: layuka nawa ya kamata a shimfiɗa tsakanin wannan cibiya da waccan? In an shimfiɗa kaɗan, masu kira su yi ta tarar da layi a cike har su yi fushi. In an shimfiɗa da yawa, an zuba dukiya tana zaman banza. A 1909 ya nuna cewa, ko da yake ba wanda ya san lokacin da mutum ɗaya zai ɗaga waya, kiran jama'a idan ya taru yana bin tsarin da za a iya ƙididdigewa. A 1917 ya fitar da ƙa'idar da har gobe ake aiki da ita. Ya rasu a 1929, daga bisani aka raɗa wa ma'aunin nauyin kira sunansa. Akwai ma harshen rubuta manhaja da kamfanin Ericsson ya ƙirƙira mai wannan suna, wanda da shi aka gina uwar garken WhatsApp, don haka duk mai tura gaisuwar Juma'a yana cin moriyar sunan bai sani ba.

Erlang ɗaya shi ne layi guda da aka riƙe tsawon sa'a ɗaya cur. Ko mutum ɗaya ne ya cinye sa'ar yana hira, ko mutum 20 ne kowa ya yi minti 3, nauyin ɗaya ne. Injiniya ba ya damuwa da matsakaicin yini. Sa'ar da ta fi kowace cunkoso yake dubawa, sannan ya yanke adadin kiran da ya yarda su faɗi a cikinta. A wayar salula an saba ɗaukar 2 cikin 100. Mai karatu ya lura da wannan: tun a takarda, kafin a haƙa rami ko a kafa ƙarfen sabis, an riga an amince za a mayar da wasu.

Ga yadda ƙa'idar take aiki. A ce akwai layuka 10, ana kuma ɗora musu nauyin erlang 5. Kiran da zai tarar da su duk a cike bai kai 2 cikin 100 ba. A ninka nauyin ya zama 10, sai masu komawa hannu rabbana su kai 21 cikin 100. A sake ninkawa ya zama 20, sai su kai 54. Wato ninki ɗaya na nauyi ya haifar da ninki fiye da goma na faɗuwar kira. Abin da ya sa ke nan unguwar da wayarta ke aiki lafiya lau bara, bana sai ka ji kowa yana kuka, alhali gidajen da aka ƙara ba su taka kara sun karya ba.

Akwai wani sashe na lissafin da ya fi wannan ɗaukar hankalina. Layuka 10 ba sa ɗaukar fiye da kimanin erlang 5 in ana son a tsaya kan 2 cikin 100, wato rabin lokaci a sake suke. Amma layuka 100 suna ɗaukar erlang 88 a kan wannan sharaɗi. Babban rumbu ya fi ƙarami arha ga kowane mutum, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa kamfani ya fi son Kano da Kaduna a kan ƙauyen da ke bayan dutse. Sai dai arhar tana da farashi. A ƙara wa kowannensu kashi 20 cikin 100 na nauyi: ƙaramin rumbu zai tashi daga 2 zuwa abin da bai kai 5 ba, babban kuwa zai haura 10. Wanda aka cika shi maƙil don a ci riba ba shi da sararin numfashi ranar da baƙi suka sauka. Birni ya fi ƙauye samun sabis a ranakun lafiya, ya kuma fi shi saurin shaƙewa a ranar tashin hankali.

A tsohon tsarin GSM, wanda har yanzu ƙananan wayoyinmu na hannu ke hawa, mita ɗaya ta rediyo ana raba ta gurabe 8. Ana ware ɗaya don saƙonnin da waya da ƙarfen sabis ke yi wa juna a bayan fage, saura 7 na magana. Gurabe 7 suna ɗaukar abin da ya kusa erlang 3. Idan muka ƙaddara kowane mai layi yana magana minti ɗaya da rabi a sa'ar cunkoso, to mutum sama da 100 ne ke dogaro da waɗannan gurabe 7. A gari mai yawan jama'a ana ƙara mitoci, amma tsarin rabon bai canja ba. Ranar da mutum 30 daga cikinsu suka ɗaga waya tare, 23 za su ji shiru, kuma sandunan sabis da ke saman fuskar wayarsu za su nuna cike. Sandunan nan ƙarfin muryar ƙarfen sabis suke aunawa, ba sa faɗin ko akwai wurin zama a ciki.

Tsarin 4G da 5G ya sauya salon wahalar. A nan ba a cika rufe ƙofa ba, akushi ɗaya ne ake ta ƙara masa hannu. Kowa yana ciki, amma loma tana ƙanƙancewa, hoto ya tsaya yana juyi, murya ta riƙa yankewa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Abin da ke bayan iyaka

Da a ce hanyar waya idan ta cika tana tsayawa nan ne, tana ɗauke da iya abin da za ta iya tana mayar da saura, da da sauƙi. Matsalar ita ce kiran da bai shiga ba shi ma yana cin aiki. Kafin wayar wanda kake nema ta yi ƙara, sai an tantance layinka, an duba ko kana da kuɗi, an nemo inda shi yake, an tanadi hanya. Duk wannan aiki na'urar haɗa kira ce ke yin sa, kuma ƙwaƙwalwarta tana da iyaka. Idan aka yi rabin aikin sannan kiran ya faɗi, wahalar ta tafi a banza. Mai kira kuwa ba ya haƙura. Zai sake bugawa, ya sake, ya sake. Mutum 1,000 da kowa ya gwada sau goma sun zama 10,000 a idon na'ura. Daga nan sai ta koma ɓata mafi yawan ƙarfinta wajen fara kiran da ba za ta gama ba, adadin da ke shiga ya riƙa raguwa yayin da masu nema ke ƙaruwa, har ya kusa zama babu.

Mutanen bakin kogi, daga Yawuri zuwa Lokoja, sun san wannan darasi da hawaye. Kwalekwalen da ke ɗaukar mutum 50, idan aka ɗora masa 100, ba 50 yake tsallakarwa ya bar 50 ba. Duka yake kifarwa. Matuƙin da ya tsaya a bakin gaɓa ya ce ya isa haka, ana zaginsa, shi ne ya ceci waɗanda ke ciki, ya kuma ceci na waje, tun da zai dawo ya ɗauke su.

Abin mamaki, mafi shaharar rugujewar hanyar tarho ba jama'a ne suka jawo ta ba. Ranar Litinin 15 ga Janairun 1990, wata na'urar haɗa kira ta kamfanin AT&T a birnin Niyok ta gamu da 'yar matsala, ta kashe kanta na 'yan daƙiƙoƙi don ta sake tashi, kamar yadda aka tsara mata. Kamfanin yana da irin wannan babbar na'ura guda 114 a faɗin Amurka, kuma makonni kaɗan kafin nan an sabunta musu manhaja domin su riƙa farfaɗowa da sauri. A cikin sabuwar manhajar akwai kuskure ɗan ƙarami: idan na'ura tana cikin rubuta cewa maƙwabciyarta ta dawo aiki, sai saƙo biyu suka iso mata a jere cikin ƙiftawar ido, takan rikice, ita ma ta kashe kanta don ta sake tashi. Da ta Niyok ta farfaɗo sai ta sako kiran da suka taru mata, maƙwabta suka faɗi. Da suka tashi su ma suka kayar da nasu maƙwabtan. Haka aka yi ta faɗuwa ana tashi har kimanin sa'o'i 9, kusan rabin kiran nesa da aka buga ta hanyar kamfanin bai shiga ba. Abin da ya kwantar da tarzomar shi ne rage yawan saƙonnin da na'urorin ke aika wa juna, kafin a koma tsohuwar manhaja. Dabarar da aka ƙirƙira don kariya ita ce ta zama cutar, maganin kuma rage lodi.

Shekaru 32 bayan haka, a farkon Yulin 2022, kamfanin KDDI na Japan ya ga irin wannan rana. An yi kuskure wajen wani gyara cikin dare, hanya ta yanke na ɗan lokaci. Da aka mayar da ita sai miliyoyin wayoyi suka taso a tare kowace tana neman ta sake rajistar inda take. Wannan turmutsitsi ya danne na'urorin, mutum sama da miliyan 30 suka shiga matsala fiye da kwana biyu, har da masu neman motar asibiti. A yau wayoyinmu suna magana da ƙarfen sabis ko muna barci, saboda haka cunkoso ba ya jiran sai mutum ya ɗaga waya.

Yadda ake tsare ƙofa

Ƙa'idar farko ita ce a mayar da kira tun daga bakin ƙofa, kafin ya ci aiki. Misalin da kowa ya sani shi ne shirin rediyo na kiran waya. Mai gabatarwa ya karanto lamba, dubban masu sauraro su buga a minti guda, alhali layi ɗaya ko biyu ne a ɗakin watsa shiri. Idan aka bar duk kiran nan suka yi tafiya har cibiyar da gidan rediyon yake, za su toshe ta, maƙwabcin gidan rediyon da ke neman likita ya rasa hanya. Don haka cibiyar da ta ji nauyi takan aika wa sauran cewa su riƙa sako kira ɗaya kawai zuwa wannan lamba a kowane 'yan daƙiƙoƙi, saura a mayar da su tun daga garinsu. Kazalika na'ura mai hankali takan fifita kiran da ya riga ya yi nisa a kan sabon shigowa, ta kuma jinkirta ayyukan da ba na gaggawa ba.

A wayar salula akwai wata dabara da mafi yawan masu layi ba su san suna ɗauke da ita a aljihu ba. Kowane katin sim an rubuta masa aji, daga 0 zuwa 9, ba tare da duba ko wane ne mai shi ba. Ƙarfen sabis yana shelanta azuzuwan da aka yarda su nemi shiga. Idan ya ji nauyi sai ya ce, alal misali, aji 3 da aji 4 su dakata, bayan ɗan lokaci ya sake su ya dakatar da wasu, tamkar rabon wutar lantarki tsakanin unguwanni. Wayar da aka dakatar ba ta ko yunƙurawa, ita da kanta take bin umarni, don haka ba ta ƙara wa iska hayaniya. Sama da waɗannan akwai azuzuwa na musamman, 11 zuwa 15, da aka tanada don ma'aikatan kamfanin, jami'an tsaro, masu kula da ruwa da wuta, da masu agajin gaggawa. Kiran neman ɗauki kuwa, irin na lamba 112, an ware masa matsayinsa daban yadda za a iya barin sa a buɗe ko an rufe sauran.

Kayan aikin ke nan, kuma suna cikin tsarin da duk kamfanoninmu ke amfani da shi. Yadda ake sarrafa su ne ya bambanta ƙasa da ƙasa.

Ranar 7 ga Yulin 2005, da aka tayar da bama-bamai a jiragen ƙarƙashin ƙasa da wata bas a Landan, mutum 52 suka mutu, wayoyin salula suka shaƙe. 'Yan sandan tsakiyar birnin suka nemi kamfanin O2 ya rufe wa jama'a hanya a kewayen kilomita ɗaya daga tashar Aldgate, a bar masu azuzuwa na musamman kaɗai. An yi haka sama da sa'o'i huɗu. Binciken da majalisar birnin ta yi daga baya ya nuna cewa an ɗauki matakin ne ba tare da kwamitin da ke jagorantar agajin ya amince ba, kuma da yawa daga cikin masu aikin ceton da ke dogaro da wayar hannu ba su da katin sim na musamman. An share hanya, amma wasu daga waɗanda aka share wa suna cikin waɗanda aka kulle a waje, tare da ɗimbin jama'ar da ke neman 'yan uwansu. Ingila ta sauya tsarin bayan 'yan shekaru.

Amurka ta bi wata hanya. Tun shekarun 1990 take ba jami'an da aka tantance kati mai lambar sirri da ke sa kiransu ya sami fifiko a layukan ƙasa, bayan harin 11 ga Satumbar 2001 kuma ta faɗaɗa abin zuwa wayar salula. Abin lura a tsarinsu na salula shi ne ba a katse wa kowa magana. Mai fifiko yana zuwa gaban layi ne ya jira gurbin farko da zai buɗe.

Japan ce, a ganina, ta fi kowa tunani mai zurfi, domin ta tambayi abin da jama'a ke nema a irin wannan rana. Mafi yawan masu kira bayan bala'i jumla ɗaya suke son isarwa ko ji: muna nan lafiya. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995, kamfanin NTT ya buɗe lamba 171 a shekarar 1998. Wanda ke yankin da abin ya shafa zai kira ya ajiye saƙon murya na daƙiƙa 30 a ƙarƙashin lambar wayarsa, danginsa daga ko'ina su kira su saurara, ba tare da kiransu ya shiga yankin da ya shaƙe ba. Ana ma buɗe lambar ranar 1 da 15 ga kowane wata don iyalai su gwada. Da girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta 11 ga Maris 2011 ta auku, kiran da ya taso wa kamfanin NTT DoCoMo ya ninka na kullum kimanin sau 50 zuwa 60, ya kuma hana har kashi 90 cikin 100 na kiran murya. Amma takurawar da ya yi wa saƙonnin rubutu da data ba ta wuce kashi 30 ba, kuma bai daɗe ba ya ɗage ta. Saƙon rubutu yana iya jira a layi ya wuce sa'ad da ya sami kafa, murya kuwa sai an ba ta hanya a buɗe daga farko har ƙarshe.

Namu cunkoson

Kafin a yi gwanjon lasisin GSM a Janairun 2001, layukan da ke aiki a Najeriya ba su wuce kimanin 400,000 ba. Yau sun haura miliyan 150. Ba ƙaramin aiki aka yi ba, kuma wanda ya taɓa bin layi a ofishin NITEL don ya kira Legas ba zai raina shi ba. Amma tun farko sayar da layi ya riga kafa ƙarfe gudu. A Mayun 2012 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ci manyan kamfanoni huɗu tarar Naira biliyan 1.17 saboda rashin ingancin sabis. A Nuwambar shekarar ta dakatar da garaɓasa da cacar da kamfanoni ke yi, bisa hujjar cewa kyautar mintuna tana jawo kiran da ya fi ƙarfin hanyoyin. A 2014 ta hana uku daga cikinsu sayar da sabon layi tsawon watan Maris. Duk matakan nan amincewa ne da lissafin Erlang: kowane layi da aka sayar alkawari ne na wani ɗan yanki na gurbi a sa'ar cunkoso, kuma wanda ya sayar da alkawarin da ya fi gurabensa ya sayar da abin da ba shi da shi.

Kamfanonin sun san lissafin sarai. Waɗanda suka yi samartaka a shekarun 2000 za su tuna kiran dare kyauta, daga bayan sha biyu zuwa gab da asuba. Ba kyauta ce ta Allah da Annabi ba. A wannan lokaci gurabe a sake suke, ba da su bai rage wa kamfani komai ba, ya kuma janye doguwar hirar matasa daga sa'ar da 'yan kasuwa ke bukatar layi. Dabara ce mai kyau, ko da yake malaman da suka koyar da ajin ƙarfe takwas na safe a wancan zamani suna da nasu ra'ayin. Filashin da muka mayar al'ada kuwa akasin haka ne: yana cin duk aikin haɗa kira, bai isar da magana ba.

Saboda haka ina raba cunkosonmu gida biyu, kuma ban yarda a cakuɗa su ba. Idan kira ya ƙi shiga a filin Idi, ko a minti na farko bayan an sanar da ganin wata, wannan iyaka ce ta halitta, kuma ba zan nemi kamfani ya kafa ƙarfen da zai yi aiki sa'a biyu a shekara ba, sai dai ya kawo na tafi-da-gidanka kamar yadda ake yi wa alhazai a Mina da Arfa. Amma idan kowace ranar Allah, da an yi sallar magariba, unguwa guda ba ta iya kira, wannan ba kariya daga lodi ba ce. An sayar da kujeru ne fiye da na motar. Na san uzurorin: tsadar man dizal, satar batura, masu aikin hanya da ke tsinka wayoyin ƙarƙashin ƙasa, haraji kala-kala. Gaskiya ne, kuma idan ƙarfe ɗaya ya mutu nauyinsa kan maƙwabtansa yake komawa. To amma a Janairun 2025 an amince wa kamfanonin ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Wanda ya biya ƙarin yana da haƙƙin ya ga alƙaluman faɗuwar kira na ƙaramar hukumarsa a sa'ar cunkoso. Matsakaicin ƙasa baki ɗaya yana ɓoye unguwar da ta shaƙe a bayan unguwar da ba kowa.

Batun fifiko shi ya fi damuna, domin na san ƙasarmu. Mun ga abin da ya sami jiniya. An ƙirƙire ta don motar asibiti da ta kashe gobara, ta ƙare a ayarin manya da iyalansu, motar asibitin kuma tana tsaye a bayansu. Idan aka bar rabon azuzuwa na musamman a ɗakin da ba mai leƙawa, a hannun masu muƙami zai ƙare, direban motar asibiti da ungozomar karkara da ma'aikacin madatsar ruwa su kasance cikin aji 0 zuwa 9 tare da mu, kamar yadda ya sami wasu masu ceto a Landan. Fifiko kuma ba ya aiki sai masu shi sun yi kaɗan. In kowane mai hula ya samu, an koma gidan jiya.

Abin da nake nema daga NCC da hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA da takwarorinta na jihohi bai fi ƙarfinsu ba. A rubuta, a kuma wallafa, irin ayyukan da suka cancanci fifiko, a ɗaura shi ga aikin maimakon mutumin, yadda wanda ya bar kujera zai bar shi a nan. A fayyace wanda ke da ikon cewa a takaita wa jama'a kira, da iyakar yankin, da tsawon lokacin, kada a bar shi ga duk jami'in da ya fara ɗaga waya. A tabbatar 112 tana wucewa ko an rufe komai, a kuma tabbatar akwai isassun masu ɗauka a cibiyoyinta, tun da ita ma rumbu ce mai iyaka da lissafin Erlang ke hawa kanta. Gidajen rediyonmu, waɗanda har yanzu su ne muryar da ta fi isa karkara, su koya wa jama'a tun kafin ranar cewa a lokacin bala'i saƙon tes ya fi kira, kira ɗaya gajere ya fi goma, kuma sake bugawa ba ƙaƙƙautawa yana toshe wa mai neman ceto hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya, Japanawa ma da suka fi mu kayan aiki sau biyu a wata suke gwaji.

Akwai kuma aikin da za a iya farawa bana ba tare da an sayo komai ba. Kowace shekara kafin damina, hukumar kula da koguna da ruwan ƙasa ta NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya, tana ambaton jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Kamfanonin waya kuma sun san inda kowane ƙarfensu yake, da nauyin da yake ɗauka, da sa'o'in da baturinsa zai yi in janareto ya nutse. A ɗora taswirar nan a kan waccan a teburi ɗaya, za a ga garuruwan da ƙarfe ɗaya tal ke riƙe da su a bakin kogi, a kuma san inda za a kai na tafi-da-gidanka da man ajiya kafin watan Agusta.